Na Ari Muryar Gwaggona, Ban Iya Mayarwa Ba

Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faro, ni budurwa ce mai shekara ashirin da 'yan kai a Dakoro, wadda ta bar kwaleji ba ta ƙare ba, amma Allah ya ba ta kunne. In mutum ya yi magana a gabana na ɗan lokaci, na riƙe muryarsa ke nan: inda yake ja, inda yake haɗiye harafi, inda numfashinsa yake yankewa. Da wannan baiwa na shiga ƙungiyar teyatur, wato wasan kwaikwayo, ta gidan matasa, da ita kuma aka ɗauke ni a wata ƙaramar rediyo, aka tura ni Maradi na koyi Hausar watsa labarai, wadda ba ta gaggawa kuma ba ta nuna garin mai ita. Da safe ina karanta cigiyar dabbobi da sanarwar rasuwa, da yamma ina wasan kwaikwayo. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, duk da na san akwai masu karatu da za su gane ni tun kafin su kai tsakiya.

Mahaifiyata ta rasu ina goye. Yayar mahaifina ce ta ɗauke ni riƙo, a wani ƙauye kusa da Bader Goula, kuma ita ce ungozomar ƙauyen da rugagen da ke kewaye da shi. Ita ta tsaya kai da fata aka sa ni lakwal, makarantar boko, a lokacin da maza suke cewa ɓata lokaci ne. Gwaggona mace ce mai magana. Uwarta daga arewa ta fito, don haka Hausarta tana da wani ɗan ja wanda ba irin na manoman wurinmu ba. In za ta faɗi magana mai nauyi sai ta yi gyaran murya tukuna. Haƙorinta na gaba ya faɗi tun da daɗewa, iska tana fita ta wurin da ɗan fito. Kowace mace a wurinta ɗiyar mutane ce, kuma duk gardama tana rufe ta da cewa su da suka ga jiya ba a koya masu yau. In ana suna ko ana sasanta mata da miji, muryarta ake fara ji daga ƙofar gida.

Ya kamata in bayyana yadda muke aiki, domin a nan abin ya samo tushe. Masu furoje, ƙungiyoyin da ke ba da kuɗin shirin, su ne suke kawo jigo: awon ciki, haihuwa a gidan likita, ba jariri nonon farko maimakon a zubar. Ba a rubuta mana magana. Shugaban ƙungiyarmu ya raba mana matsayi, mu shiga ɗakin ɗauka, kowa ya yi da bakinsa. Amma ginin wasan ɗaya ne kullum. Dole a samu mai taurin kai guda, wanda zai riƙe tsohuwar hanya, ya ba mutane dariya, ya jawo masifa, sannan malamar likita ta zo a ƙarshe ta gyara. A wasan haihuwa, mai taurin kan tsohuwar ungozoma ce, kuma ni aka ba. Gwajin farko bai yi ba. Shugaba ya tsayar da mu ya ce abin da yake ji mai karanta labarai ce ta ɗaura zanen kakarta, in ba zan iya ba akwai wata. Abin ya sosa ni. Da aka sake kunna na'ura na yi gyaran murya, na buɗe baki, sai gwaggona ta fito. Mai kula da na'ura ya yi dariya har sai da aka sake ɗauka. Na san muryar wa na ɗauka tun a wannan lokacin. Ban yi tunanin ƙauye ba. Abin da na yi tunani shi ne an daina maganar ba wata matsayin.

Tsohuwar nan ta yi suna fiye da duk abin da na taɓa yi. Mun ba ta wani suna na ban dariya wanda ba zan maimaita ba. Mata suna taruwa su saurara tare, ana kira a waya ana cewa a gaishe ta, wasu ma ba su yarda cewa budurwa ce take yin ta ba. Muka fara kai wasan dandali, a Dakoro da Kornaka da ƙauyukan da ke tsakani, ranar kasuwa, ina shafa toka a kai, in baƙanta haƙori ɗaya da gawayi. Da zarar na yi gyaran murya, tun ban ce komai ba, fili ya ɗauka. Duk wanda bai taɓa tsayawa gaban taro ya ji dariyarsu ta taso masa ba, ba zai gane yadda abin yake shiga jini ba.

Daga nan na fara yawan zuwa gida. Wannan ne abin da ya fi yi mani nauyi in rubuta. Tsohuwar wasa tana cin magana kowane mako, abin da nake da shi ya fara ƙarewa, sai in hau mota in tafi ƙauye da goro da sabulu. In zauna kusa da gwaggo tana sussuka ko tana kaɗi, in tsokano ta da tambaya, in ce an ce mana a rediyo kada a ba jariri bauri, jiƙon da ake ɗura wa sabon haihuwa, ita me ta gani. Ta ɗauki zafi ta yi ta zuba, ni kuwa ina kwashewa. Tana gaya wa maƙwabta cewa ɗiyarta ta shiga gari amma ba ta manta da ita ba, ba kamar 'ya'yan wasu ba. Ta kan dama mani fura da nono mai kyau, ta raka ni har bakin hanya.

A wata ziyara irin wannan, da rana tsaka muna ƙarƙashin rumfa, ta ba ni labarin da ban tambaya ba. Wata yarinya ce a unguwar gabas da ta rasu wajen haihuwa a daminar da ta wuce. Naƙuda ta yi tsawo. Mijin ya yi arewa da dabbobi, surukin ya ce ba za a fitar da matar ɗansa ba sai wan mijin ya dawo daga kasuwa, sa mai jan amalanke kuma yana gona. Ita ma gwaggo ta ce a ɗan saurara zuwa azahar, domin ta ga waɗanda suka fi wannan wuya suka sauka lafiya. Da aka aza yarinyar a amalanke rana ta riga ta karkata, kuma ba su kai rabin hanya ba. Gwaggo ta ce kan yarinyar yana bisa cinyarta. Ta ce da ta buɗe wa surukin murya tun da hantsi kamar yadda take buɗe wa kowa, da ya ji kunya ya bari, amma ba ta yi ba, kuma wannan yana nan tsakaninta da Ubangijinta. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Na riƙe hannunta, na yi mata addu'a da zuciya ɗaya. Amma wani ɓangare na kaina, wanda aiki ya horar, yana gefe yana cewa wannan wasa ne cikakke.

Ba a yi wata guda ba muka ɗauke shi. Gajeren wasa ba ya ɗaukar masu laifi da yawa, don haka na cire surukin, na cire mijin da ke nesa, na cire san da ke gona. Na bar tsohuwa ita kaɗai a bakin ƙofa, tana korar duk mai maganar likita, tana cewa a bari sai azahar, su da suka ga jiya ba a koya masu yau. Farkon wasan dariya ne, ƙarshensa kuka. Na bar amalanke, na bar mutuwa a hanya, har kan da ke bisa cinya na bari, domin shi ne ya fi taɓa zuciya. Masu furoje suka ce ba su taɓa samun wasa mai ƙarfinsa ba, aka yi ta maimaita shi. Na canza sunan ƙauye da na mutane, na ɗauka na rufa asiri. Ban lissafa cewa murya ita ma suna ce ba.

Ɗan gwaggo na fari, wanda shi ne taubashina, shi ya zo ya same ni. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da hankali ba. In ya gan ni sai ya ce ga baiwarsa, da zai samu mai saye da ya musanya ni da gurgun jaki, kuma yana mamakin yadda ake biyana don in yi surutun da awakinsa suke yi kyauta. Ni ma ba na raga masa. Ranar ya shigo da raguna kasuwa, ya biyo ta rediyo, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya tambayi lafiyata da gajiyar aiki da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar baƙo. Ya ce ba faɗa ya kawo shi ba. Ya ce duk ƙauye an daɗe da sanin wadda nake kwaikwayo, ana dariya a ɓoye, yara suna bin ta da gyaran murya in ta fito. Wannan an jure. Amma tun da aka sa wasan amalanke, uwar marigayiyar ta ce yanzu ta san gaskiya, tunda ɗiyar da ungozoma ta raina da hannunta ta fito a rediyo ta ba da shaida. Surukin, wanda dā yake sunkuyar da kai in an yi zancen, ya samu bakin magana. An daina kiran gwaggo haihuwa. An daina aiko mata goron suna. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne ta daina magana. A rijiya da kai take amsa gaisuwa, a gida ma sai abin da ya zama dole, a hankali, kamar mai tsoron a ji. Ya roƙe ni kada in gaya mata ya zo.

Da zan so in rubuta cewa a ranar na ajiye tsohuwar. Ban ajiye ba. Na gaya wa shugabanmu, ya saurare ni da kyau, ya ce abin ba daɗi, amma in tuna matan da suke zuwa awo yanzu saboda wasan nan, in auna ran mace da ɓacin ran tsohuwa ɗaya. Maganarsa ba ƙarya ba ce, kuma har yau ban ce saƙon wasan kuskure ne ba. Na samu an daina maimaita na amalanke, na ɗauka na yi wani abu. Na gwada canza muryar, na cire fiton haƙori da jan arewa, masu saurare suka yi ta kira suna tambaya ko tsohuwa ba ta da lafiya ne. Aka gayyace mu wasa a Maradi, a babban dandali, irin wanda nake mafarki tun ina kwaleji. Na mayar da muryar yadda take. Na hau, aka yi tafi, na sauko. Ƙauye kuwa na daina zuwa. Damina ta wuce, wata ta sake wucewa, ina aika saƙo da sabulu ta hannun direba, ina cewa aiki ya yi yawa.

Sai aka aiko cewa gwaggo tana kwance, kuma in ina son ganinta in zo. Na iso da hantsi. Ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi hanya, ta sa aka kawo mani ruwa. Da ɗaki ya rage mu biyu na fara neman gafara, maganar tana kakkarye mani, ni da ake biya don iya magana. Ta bari na ƙare. Sannan ta gaya mani abin da ban taɓa tsammani ba. Ta ce da farko ba ta san ita ce ba. Mutum ba ya sanin muryarsa. Ta kan je gidan maƙwabta a saurara tare, ta yi dariya fiye da kowa, tana cewa wannan tsohuwa Allah ya shirye ta, tana alfahari cewa ɗiyarta ce take yi. Ta daɗe a haka. Sai wata rana ta ɗaga kai tana cikin dariya, ta ga matan ba rediyo suke kallo ba, ita suke kallo.

Ta ce ba ta yi fushi da dariyar ba sosai. Abin da ta yi ta juyawa a ranta shi ne ban ba ta wurin ramawa ba. Ta ce da ita kakata ce, da wasa ya halatta tsakaninmu, da ta tare ni gaban jama'a ta ce ga mai baki kamar buta, mijinta ma sai na ƙwace, a yi dariya a tashi ba wanda ya ci wani. Da taubashiyata ce, haka nan. An ajiye wasa tsakanin waɗanda kowa yake da bakin mayarwa. Amma ita gwaggo ce, uwa ce, ba ta da bakin wasa da ni, kuma ba za ta kai ƙarar ɗiyarta gaban kowa ba. Ko da ma tana da bakin, wa za ta mayar wa? Akwati ne yake magana, ya ƙare a rufe shi. Game da yarinyar amalanke kuwa, ta ce ba ta gaya mani don ta wanke kanta ba, tana da nata kason kuma ta sani. Ta gaya mani ne domin nauyin ya yi mata yawa, ta duba duk duniya ba ta ga wanda za ta sauke wa ba sai ni.

Na ce zan shiga rediyo in faɗi gaskiya da sunana. Ta hana. Ta ce in na yi haka sai in tono surukin, in tono mijin, in sake kwantar da yarinyar mutane a amalanke duniya tana ji. Abu ɗaya ta nema: in taka da ƙafata in je wurin uwar marigayiyar, in gaya mata yadda aka ba ni labarin, da muryata ta gaskiya. Ta ce ta yafe mani tun kafin in zo, domin ba ta so ta tafi da riƙon ɗiyar ƙanenta.

Na je da la'asar. Na tarar da matar tana ba awaki dusa. Ban ɓoye komai ba, na gaya mata abin da na cire da abin da na bari da dalilin da ya sa. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na ƙare ta ce ta ji, kuma ba ta ce ƙarya nake yi ba. Amma in duba, abin da na faɗa a rediyo ƙasa duka ta ji, har 'yan'uwanta da ke nesa sun aiko suna tambaya, wannan kuwa ita ta ji sai awakinta. Ta ce shekara biyu tana kwana tana tashi da fuskar mutum ɗaya a ranta, yanzu na zo da la'asar ɗaya ina so ta sauke. Ba ta je duba gwaggo ba. Gwaggo ta rasu bayan 'yan kwanaki. Ranar addu'ar uku na ga matar ta shigo, ta zauna can gefe kusa da ƙofa, ta yi gaisuwa ta tashi. Ban san abin da ke ranta ba, kuma ban ga ina da hurumin tambaya ba.

Ban sake yin tsohuwar ba. Na ci gaba da aiki shekaru masu yawa, na yi uwa, na yi 'yar kasuwa, na yi malamar likita, yanzu ma ni nake koya wa matasa. Amma abin da aka ɗauka ya riga ya fita hannuna. Wasannin suna nan a katin waya, masu cajin waya suna tura wa duk mai so. Bara ina cikin mota zuwa Kornaka wani ya kunna ɗaya, mota duka tana dariya, wata mata kusa da ni ta dafa ni ta ce wannan tsohuwa ai ba a sake yin irinta ba. Na ce haka ne. Akwai kuma hukuncin da ban san da shi ba sai da ya same ni. In na zauna ina son in tuna yadda gwaggo take kirana, ko yadda take yi mani waƙa tana tsefe mani kai, ba muryarta nake ji ba. Tawa nake ji, wadda na ƙara wa gishiri don a yi dariya. Na yi ta maimaita kwaikwayon har ya hau bisa na gaskiyar ya rufe shi. 'Ya'yana sun taɓa tambayata yadda take magana. Duk duniya ba wanda zai iya nuna masu kamar ni, na ce masu na manta, kuma ban yi ƙarya ba.

Ga abin da na koya, kuma saboda shi na rubuto. Ku 'yan'uwana masu wasa, na rediyo da na dandali da masu ɗauka da waya yanzu, za a gaya maku ku ɗauko daga rayuwa, kuma gaskiya ne, wasan da ba a ɗauko daga mutane ba ba ya kama mutane. Amma ku haɗa daga wurare da yawa, tafiyar wannan, dariyar wancan, har ya zama ba kowa ba ne. Kada ku ɗauke mutum ɗaya sukutum, kuma kada ku ruɗi kanku da cewa kun canza suna, domin ƙauyensa ba da suna ya san shi ba. Kyawun saƙo ba ya biyan wanda aka taka aka isar da shi. Abin da aka gaya maku ana kuka, ba kayan aiki ba ne, ko da ya fi duk abin da za ku iya ƙirƙira kyau. Kafin ku sa muryar wani a bakinku, ku tambayi kanku ko yana da inda zai tsaya ya mayar maku. In ba shi da shi, ku bar masa abarsa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin dariya da tsohuwar nan ya yi wa mai muryar addu'a. Ta karɓi haihuwar rabin ƙauyenmu, kuma ta yi shekarunta na ƙarshe tana amsa gaisuwa da kai.